MS: Cutar da ke zuwa ta tafi, ta bar tabo a jijiya

A watan Disamba na shekarar 1822, wani saurayi ɗan gidan sarautar Ingila mai suna Augustus d'Este, jikan Sarki George na Uku, ya dawo daga jana'izar wani ɗan'uwansa sai ya ga idanunsa sun yi dishi-dishi. Ko wasiƙa sai an karanta masa. Shekarunsa 28, ba ya fama da komai, saboda haka ya ɗora laifin a kan kukan da ya sha a wurin jana'iza. Ba a jima ba gani ya dawo, ba tare da an yi masa wani magani ba.

Bayan 'yan shekaru abin ya sake tashi, har ya kai ga ganin abu bibbiyu. Sannan ƙafafu suka yi nauyi, suka sage, fitsari ya soma ba shi wahala. Ya samu sauƙi, ciwo ya dawo, ya ƙara samun sauƙi. Likitoci sun ɗora masa matsattsaku su tsotsi jini, sun tura shi wanka a maɓuɓɓugan ruwa, sun ce ya riƙa hawan doki. Duk wannan yana rubutawa a kundinsa, har ƙarfi ya ƙare ya koma keken guragu, ya rasu a 1848 bai san sunan abin da ke damunsa ba. Sai a 1948, da wani likita mai suna Douglas Firth ya wallafa kundin, masana suka ga alamomin a jere kamar an tsara su: maltiful siklerosis ce, cutar da aka fi sani da MS.

Wanda ya fara ware ta daga sauran cututtukan jijiya shi ne Jean-Martin Charcot, likitan asibitin Salpêtrière da ke birnin Paris, a 1868. Ya daɗe yana lura da marasa lafiya masu makyarkyatar hannu, da rawar ƙwayar ido, da magana mai fita gaɓa-gaɓa. Idan sun rasu sai ya duba ƙwaƙwalwa da laka, ya tarar da tabbai masu tauri a warwatse nan da can. Har yau waɗannan tabban ne likitoci ke nema, sai dai yanzu ana ganinsu mutum yana raye.

Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka suna da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin. Aikinsa ɗaya ne da na robar da ke lulluɓe da wayar lantarki: idan ɓera ya ɓantare ta, wuta ta riƙa ɗaukewa tana kawowa, ko ta yanke gaba ɗaya. Jijiya mai lafiyayyen rufi tana iya kai saƙo da gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya, marar rufi kuwa da ƙyar take yin mita ɗaya ko biyu. A cutar MS, garkuwar jikin mutum ce da kanta ke ɓantarar rufin. Wasu fararen ƙwayoyin jini suna tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, su far wa mayelin, wurin ya kumbura. Idan kumburin ya lafa, jiki ya ɗan yi faci, alamar ciwon ta ragu ko ta ɓace. Amma facin bai cika kai na asali ba, kuma idan farmaki ya yawaita, jijiyar da ke ciki ma takan mutu. Wannan kam ba ta dawowa.

Da yake tabon na iya faɗawa ko'ina, da wuya a samu mutum biyu da ciwonsu ya zama iri ɗaya. Idan ya faɗa jijiyar ido, gani ya dushe a ido ɗaya cikin 'yan kwanaki, idon ya riƙa ciwo in an juya shi, jan launi ya koɗe. Idan laka ce, ƙafa ta yi minjirya ta ƙi saki, ko mutum ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji tamau, ko ya kasa riƙe fitsari. Idan ƙasan ƙwaƙwalwa ne, sai jiri da tangaɗi da gani bibbiyu. Wasu in sun sunkuyar da kai, sai su ji abu kamar wutar lantarki ya zarce daga wuya zuwa gadon baya. Wani likitan Faransa, Jean Lhermitte, ya yi bayanin wannan alama a 1924, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Akwai kuma gajiya, wadda masu cutar da yawa ke cewa ta fi komai damunsu, gajiyar da barci ba ya kore ta, wadda 'yan'uwa kan fassara da lalaci ko son jiki.

Jacqueline du Pré, 'yar Ingila da duniya ta sani wajen kaɗa babban gogen Turawa, ta fara jin yatsunta suna mutuwa tana tsakiyar tashe. A wasanninta na ƙarshe a New York, cikin 1973, sai da ta riƙa kallon yatsun don ta san inda suka sauka a kan tsirkiya, domin ba ta jin su. A shekarar aka tabbatar mata da MS. Ta rasu a 1987 tana da shekara 42.

Zafi ma yana da nasa labarin. A 1890 wani likitan ido ɗan Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura wasu marasa lafiyarsa ganinsu kan dushe idan sun motsa jiki, ya dawo in sun huta. Daga baya aka gano ɗumin jiki ne sila: jijiyar da rufinta ya lalace takan daina kai saƙo ko da zafin jiki kaɗan ya ƙaru. Kafin zuwan na'urori, likitoci har tsoma mutum suke yi a ruwan zafi su ga ko alamomin za su tsananta. Mai wannan cuta da ke zaune a Sakkwato ko Zinder, inda zafin bazara ke wuce maki 40, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kusan kashi 85 cikin 100 na masu MS da irin ta d'Este suke farawa: ciwo ya taso ya yi kwanaki ko makonni, ya lafa, a yi watanni ko shekaru shiru. Wasu daga cikinsu daga baya abin kan rikiɗe ya zama lalacewa sannu a hankali. Ragowar kuwa tun farko ba tashi ba lafawa, tafiya ce kawai ke ƙara wuya shekara bayan shekara. Ƙididdigar Atlas of MS ta 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da cutar a duniya, mata sun ninka maza, kuma akasari tsakanin shekara 20 zuwa 40 take bayyana, daidai lokacin aure da haihuwa da neman na kai.

Me ke sa garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya? Gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. An gano sauye-sauye fiye da 200 a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin, mafi ƙarfinsu na ninka shi kamar sau uku. Duk da haka, idan ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya ya kamu, a kusan uku cikin huɗu ɗayan ba ya kamuwa. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a Janairun 2024 ya bi sawun waɗannan ƙwayoyin gado har zuwa Yamnaya, makiyayan da suka kwararo Turai daga filayen arewacin Baƙin Teku kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Masu binciken na ganin garkuwa mai saurin fushi ta kare makiyayan daga cututtukan dabbobinsu, jikokinsu kuma suka gaji fushin bayan an rabu da garken.

Sai muhalli. Cutar na ƙaruwa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya: Kanada, ƙasashen Sikandinebiya da tsibiran Orkney na Sikotland suna cikin wuraren da ta fi yawa. Ƙarancin hasken rana da na bitamin D na cikin abin da ake zargi, haka shan taba da ƙiba a lokacin balaga.

Hujja mafi nauyi kan sanadin cutar ta fito ne a Janairun 2022, a mujallar Science. Ayarin Alberto Ascherio na Jami'ar Harvard ya bi diddigin jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10 da aka adana tsakanin 1993 da 2013. A cikin mutum 801 da suka kamu da MS kuma aka binciki jininsu, 35 ne ba su da ƙwayar cutar Epstein-Barr lokacin da aka fara ɗibar jinin, kuma dukkansu ban da mutum ɗaya sun ɗauke ta kafin MS ta bayyana. Haɗarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa da ita. Abin lura shi ne, kusan kashi 95 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, wadda ke yaɗuwa ta yawu, kuma mafi yawansu lafiya lau za su ƙare rayuwarsu. Kenan ƙwayar kusan sharaɗi ce, amma ita kaɗai ba ta isa ba. MS ɗin kanta ba a ɗaukarta daga wani.

Babu gwaji ɗaya tilo da zai ce ga MS. Likitoci sun daɗe suna neman abu biyu: shaidar cewa lahani ya faru a wurare daban-daban na ƙwaƙwalwa da laka, da shaidar cewa ya faru a lokuta daban-daban. A kan wannan aka gina ƙa'idojin McDonald na 2001, masu ɗauke da sunan Ian McDonald, likitan jijiya haifaffen New Zealand da ya yi aiki a Landan. An sha yi musu gyara; na 2024 ya shigar da jijiyar ido cikin wuraren da ake ƙirgawa.

Aikin kan fara ne da tambaya. Likita zai so ya ji ko ido ya taɓa dushewa shekara uku da suka wuce ya warke da kansa, ko hannu ya taɓa sagewa na mako biyu bayan haihuwa. Tashin ciwon da ake ƙirgawa shi ne wanda ya kai aƙalla awa 24 ba tare da zazzaɓi ba. Yawancin mutane ba sa haɗa waɗannan abubuwa da juna. Ido an kai shi wurin likitan ido, ƙafa an shafa mata man zafi, kuma da yake ciwon kan lafa da kansa, duk abin da aka sha a makon, rubutu ne ko ƙwaya ko jiƙo, shi ke karɓar yabo. Wannan hali na cutar ne ya fi komai jinkirta gano ta.

Bayan tambaya da gwajin ƙarfin gaɓoɓi sai hoton MRI, wanda aka fara nuna tabban MS da shi a Landan a 1981. Ana iya yi wa mutum allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam: sabon tabo mai kumburi ya haska, tsoho ya ƙi, sai hoto ɗaya ya nuna lokuta biyu. Akan kuma ɗebi ruwan laka da allura ta ƙasan baya, a nemi wasu sunadaran garkuwa da ke cikin ruwan amma babu su a jini. Ana samunsu a kusan tara cikin goma na masu cutar. Wani gwajin kuma yana auna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne a tabbatar babu wani bayani da ya fi MS dacewa, kuma a Afirka jerin masu kama da ita dogo ne: tarin fuka na ƙashin baya, ƙanjamau, tunjere, ƙarancin bitamin B12, tsargiya da ta kai laka, har da tabban da sikila ke bari a ƙwaƙwalwa. Mafi ruɗarwa ita ce cutar NMO, mai kama jijiyar ido da laka da tsanani, wadda ta fi yawa a tsakanin baƙar fata da mutanen Asiya. An daɗe ana ɗaukarta wani reshe na MS, sai a 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano wani sinadari a jini da ya raba su. Bambancin ba na suna ba ne kawai, domin wasu magungunan MS suna ƙara tsananta NMO.

An shafe shekaru ana koyar da cewa MS cutar Turawa ce. Gaskiya ne alƙaluman Afirka kudu da Sahara na cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Amma wani bincike da aka buga a 2013 kan mazauna kudancin Kalifoniya ya tarar baƙaƙen mata sun fi fararen mata kamuwa. A yankin da likitan jijiya ɗaya ke kula da miliyoyin mutane, na'urar MRI kuma sai a manyan birane da tsada, yana da wuya a bambance ƙarancin cuta da ƙarancin masu gano ta.

Gaggawar ganowa ta samu dalili ne tun 1993, lokacin da Amurka ta amince da maganin farko mai rage yawan tashin ciwon. Magungunan yau sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai duk rigakafin sabon tabo suke yi, ba sa gyara jijiyar da ta riga ta mutu. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka uku daga cikinsu a jerin muhimman magunguna, karon farko da aka yi wa MS haka. Ɗaya daga ciki, rituximab, likitocin cutar kansa sun daɗe suna aiki da shi, kuma ana ba da shi ga masu MS da masu NMO duka, abin da ke da amfani ƙwarai a asibitin da sai an aika jini ƙasar waje kafin a san wacce ce daga cikin biyun.