3.2 Sharaɗin Nauyin Jiki Wajen Samun Dashen Ƙwan Haihuwa Kyauta a Birtaniya

Tun daga shekarar 1978 da aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila ta hanyar dashen ƙwan haihuwa, wato IVF, wannan hanya ta zama madogara ga ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya. Da yake aikin yana da tsada, hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ba ta yi wa kowa kyauta sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa. A wannan sashe za a duba ɗaya daga cikinsu, wato nauyin jikin mace.

Ana auna nauyin ne da ma'aunin da ake kira BMI. Yadda ake lissafinsa shi ne, a ninka tsawon mutum na mita da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Alal misali, macen da tsawonta mita 1.6 ne, idan nauyinta kilo 77 ne, ma'auninta ya ɗan haura 30; idan kuwa kilo 76 ne, bai kai 30 ba. Ke nan kilo ɗaya tak yana iya raba mace da magani. Asalin lissafin daga Adolphe Quetelet ne, wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam na ƙarni na 19, wanda ba don duba marar lafiya ya tsara shi ba.

A jagoran da hukumar NICE ta fitar a 2013, ta ba da shawarar a yi wa macen da ba ta kai shekara 40 ba dashe har sau uku, ta kuma ce an fi so ma'auninta ya kasance tsakanin 19 da 30 kafin a fara. Shawara ce kawai, amma galibin hukumomin yankuna masu riƙe da kuɗi a Ingila sun mayar da batun nauyin doka. A Sikotland ma sai ma'aunin ya wuce 18.5 kuma ya gaza 30. Ƙasar Niyu Zilan kuwa a 32 ta sa iyakarta, inda aka soki tsarin da cewa ya fi danne matan ƙabilar Maori da na tsibiran Fasifik.

Hujjar hukumomin ba ta banza ba ce. Ƙiba tana ƙara haɗarin ɓari da hawan jini da ciwon suga na goyon ciki da haihuwa ta tiyata, tana kuma rage yiwuwar dashen ya kama. Tun da kuɗin jama'a ne, ana so a kashe shi inda ya fi yiwuwa a ga jariri.

Sai dai akwai matsala. Sharaɗin ya ginu ne a kan zaton cewa idan mace ta rage ƙiba za ta fi samun haihuwa. Wani bincike da aka yi a Holan aka buga a 2016, a kan mata 577, ya nuna cewa waɗanda aka sa suka yi wata shida suna rage nauyi kafin magani ba su fi waɗanda aka fara wa magani nan take samun haihuwa ba, ko da yake da yawansu sun sami ciki ba tare da magani ba. Haka kuma, mata da dama masu ƙiba ciwon ƙulle-ƙullen ƙwai ne, wato PCOS, ke damunsu, wanda shi ne ke hana su haihuwa, shi ne kuma ke sa rage nauyi ya yi musu wuya.

A ganin mai wannan bincike, abin da ya fi muni shi ne batun shekaru. Ingancin ƙwan mace yana raguwa sosai bayan shekara 35. Macen da aka mayar gida tana da shekara 38 ta je ta zubar da kilo 15, tana iya cika sharaɗin nauyi a daidai lokacin da ta faɗa tarkon sharaɗin shekaru. Mai hali kuwa sai ta nufi asibitin kuɗi, inda galibi iyakar nauyin ta fi sassauci.