Motocin LEGO masu hawa dutse: yadda ake haɗa su, da kayan da masu haɗawa ke jira har yau

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyo a YouTube na wata ƙaramar babbar mota ta roba tana rarrafe a kan duwatsu da saiwoyin bishiya, tayoyinta shida ko takwas suna lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, to ya ga abin da masu sha'awar LEGO ke kira Truck Trial. Da yawa daga cikin masu wannan harka magidanta ne, wasu ma injiniyoyi, kuma babbar matsalarsu guda ce: yadda za a sa roba ta ɗauki aikin da ƙarfe ne ya kamata ya yi.

Daga ina abin ya samo asali?

Kamfanin LEGO na garin Billund ne a ƙasar Denmak, an kafa shi a shekarar 1932. A 1977 ya fito da wani rukuni na kaya da daga baya aka sa wa suna Technic. Bambancinsa da bulon da aka sani shi ne, maimakon a ɗora wannan kan wancan kamar ginin gida, ana haɗa sanduna masu huda ne da ƙusoshin roba, a zura sandar juyi, a ɗaura giya. Tsakanin huda da huda milimita 8 ne, kuma duk wani lissafi na mai haɗawa a kan wannan awon yake tafiya.

Shi kuwa Truck Trial wasa ne na manyan motoci na gaske a Turai, inda direbobi ke bi da motoci irin su Tatra, Unimog da Ural ta cikin ramuka da gangare. Masu LEGO, musamman a Poland da Jamhuriyar Czech, suka kwaikwayi wasan da ƙananan motocinsu. Ana kafa sanduna biyu-biyu kamar ƙofa a wuri mai wuyar bi, mota ta wuce ta tsakaninsu. Gudu ba shi da wani muhimmanci sosai. Wanda ya ture sanda, ko ya sa hannu ya ɗaga motarsa da ta kife, a rage masa maki. Daga cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni akwai Paweł Kmieć na Poland, wanda aka fi sani da Sariel, mai littafin The Unofficial LEGO Technic Builder's Guide da ya fito a 2012.

Inda wahalar take: hanyar da ƙarfi ke bi zuwa taya

Injin lantarki na LEGO yana juyi da sauri amma ba shi da ƙarfin da zai tura mota mai nauyin kilo biyu ko uku ta hau dutse. Maganin wannan shi ne giya. Idan giya mai haƙori 8 ta juya mai haƙori 24, saurin zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka sau uku, ban da ɗan abin da gogayya ta cinye. A maimaita haka sau biyu, an samu ninki tara.

To a nan sabon shiga ke faɗawa rami. Zai tara duk giyoyin nan kusa da inji, ya ninka ƙarfin tun daga farko, sannan ya tura shi ta cikin farfela zuwa tayoyi. Sakamakon ba ya canzawa: da zarar taya ta maƙale tsakanin duwatsu, sai a ji ƙas! Ko dai gaɓar farfela ta tsage, ko sandar juyi ta murɗe ta koma kamar igiya, ko giya mai haƙori 8 ta zubar da haƙoranta. Injin bai san taya ta tsaya ba, turawa kawai yake, kuma duk abin da ya fi rauni a kan hanya shi zai biya bashin.

Ƙwararru suna yin akasin haka. Suna barin farfela ta riƙa juyi da sauri ba tare da nauyi mai yawa a kanta ba, sai a dab da taya su rage saurin su ninka ƙarfin. Ta haka gaɓoɓi masu rauni ba sa ganin babban ƙarfin ko kaɗan. Manyan motocin soja da na daji ma haka ake ƙera su, kuma kusan duk muhimmin kayan da LEGO ya fitar don wannan harka yana komawa ne ga wannan dabara.

Na farko ya zo a 2011 cikin akwatin Mercedes-Benz Unimog U400 mai lamba 8110. Wani mazaunin taya ne da ke ɗaukar giya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta yadda aksil zai zauna sama da tsakiyar taya. Riba biyu ke nan: cikin mota ya ɗaga daga ƙasa, kuma ana iya saka giya mai 8 da mai 24 a ciki a samu ninki uku a bakin taya. Aibinsa shi ne faɗi. Wurin da taya ke juyawa idan an karya sitiyari ya yi nisa da tsakiyar tayar, don haka maimakon ta juya a inda take, sai ta share fili kamar ƙofa, injin sitiyari ya sha wuya.

Na biyu ya zo a 2019 cikin 4x4 X-treme Off-Roader mai lamba 42099. Wannan a rufe yake, da ƙananan giyoyi a ciki masu zagaye giya ɗaya ta tsakiya, yana rage sauri fiye da sau biyar. Tare da shi aka kawo sabuwar gaɓar farfela mai kauri. Ya rage karyewar kaya ƙwarai, amma ba ya ɗaga cikin mota, kuma ba a iya canza ninkinsa. Duk motar da aka sa mata shi ta zama mai tafiyar kunkuru, sai dai a ƙara wa farfela sauri tun daga baya.

Difaranshal: aboki a kan titi, maƙiyi a daji

Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana cin tazara fiye da ta ciki. Difaranshal ne ke ba su damar juyawa da sauri daban-daban. Amma yana da hali guda mara kyau: idan taya ɗaya ta ɗaga sama ko ta faɗa yashi, ita za ta yi ta wulwulawa a banza, wadda ke taka ƙasa sosai kuma ta tsaya cik. Duk direban da ya taɓa kafewa a laka da damina ya san wannan yanayin.

Shekaru da dama masu Truck Trial sun warware matsalar ta hanya mafi sauƙi, wato cire difaranshal gaba ɗaya, tayoyi su juya tare dole. Mota tana hawa da kyau, amma kwana ta zama aiki, kuma kowane juyi yana matsa wa sanduna lamba. Wasu kuma sukan haɗa makulli da kansu, su sa ƙaramin inji ko famfon iska ya riƙa kullewa da buɗewa, abin da ke cin wuri mai yawa a aksil ɗin da dama a matse yake.

A 2021 LEGO ya fitar da Mercedes-Benz Zetros Trial Truck mai lamba 42129, wanda ake kulle difaranshal ɗinsa daga manhajar waya. Ra'ayin ya yi kyau, sunan akwatin ma ya nuna kamfanin yana sane da masu wannan wasa. Sai dai motar ta yi nauyi, cikinta bai ɗaga sosai ba, kuma makullin haɗin kaya ne da yawa, ba abu guda ƙarami da za a ciro a sa a wata mota ba. Har yanzu abin da ke kan gaba a jerin buƙatun masu haɗawa shi ne difaranshal ƙarami mai makulli a jikinsa, ko wanda zai riƙe kansa da kansa idan taya ɗaya ta fara zamewa.

Daga rimot zuwa waya

A 2007 aka fara tsarin Power Functions: akwatin batir, injuna, da rimot mai aiki da haske irin na talabijin. A cikin ɗaki lafiya lau. A waje, da rana tsaka, hasken rana kan danne siginar, mota ta ƙi jin umarni daga 'yan taku kaɗan. A 2012 akwatin 4x4 Crawler mai lamba 9398 ya kawo injin L da injin sitiyari mai komawa tsakiya da kansa, waɗanda har gobe ake nema a kasuwar kayan hannu.

Gibin da rimot ɗin ya bari ne ya buɗe wa wasu ƙananan kamfanoni kasuwa. SBrick daga Hungary ya kawo Bluetooth, BuWizz daga Slovenia ya haɗa Bluetooth da batir mai caji da ke ba inji wuta fiye da ta batir shida na AA. Sai a 2019 LEGO ya amsa da Control+, wanda ake tuƙawa da waya.

A nan ya kamata mai niyyar saye ya tsaya ya yi tunani. Manhajar Control+ an tsara ta ne don motocin da kamfanin ya sayar, kowace da shafinta. Wanda ya wargaza tasa ya haɗa sabuwa da injuna daban, sai ya koma manhajar Powered Up ya tsara maɓallansa da kansa. Akwatin wutar yana da girma da nauyi, yana cin batir AA shida, kuma filogin injunan sabon tsari bai shiga na tsohon. Ga kuma tuƙi a kan gilashin waya: ido na kan mota, yatsa na neman maɓallin da ba ya jin sa. Abin da ya fi damun mutane shi ne makomar manhaja. Bulon da aka ƙera a 1980 yana shiga na yau daram, amma manhaja tana rayuwa ne muddin ana sabunta ta don sabon Android da iOS. Mota mai tsada da ba ta motsi sai da manhaja, rayuwarta na hannun wanda ke kula da manhajar.

Masu rubuta manhaja masu zaman kansu sun rage wannan fargaba. BrickController 2 yana ba da damar tuƙi da hannun gem, wayar na tsakiya tana isar da saƙo. Pybricks ya fi haka zurfi: ana sauya manhajar cikin akwatin wutar da tasa, a rubuta umarni da Python a burauza, a tura ta Bluetooth, daga nan akwatin ya yi magana kai tsaye da ƙaramin rimot na LEGO ba tare da waya ba. Da yake injunan Control+ suna faɗin iya juyin da suka yi, layuka kaɗan sun isa a sa mota ta gano tsakiyar sitiyarinta da kanta duk lokacin da aka kunna ta. Ga matashin da ke koyon Python, ganin lambar da ya rubuta ta juya taya ya fi ganin rubutu a baƙin allo armashi nesa ba kusa ba.

A 2024 an ga akwatin wuta mai batir na caji a motar tsere ta Porsche mai lamba 42176, amma injunan a manne suke a jikinsa, dunƙule guda, wanda bai dace da motar da kowane aksil ke buƙatar lanƙwasa yadda ya ga dama ba.

Sauran buƙatun

Shokabzoba na LEGO sifirin ne kawai a cikin roba, babu mai a ciki da zai kwantar da tsalle, don haka mota mai ɗan gudu takan yi ta dakan ƙasa. Ana son dogo, mai laushi, mai riƙe tsalle.

Taya ma haka. Wadda ta zo da taraktar Claas Xerion a 2016, mai tsayin milimita 107, ta samu karɓuwa saboda manyan haƙoranta, amma robarta ta fi tauri idan aka kwatanta da tayoyin motocin rimot na hawa dutse. Shi ya sa wasu ke sayen tayoyin waɗancan masu awon inci 1.9 su cusa a kan wilin LEGO. Wannan na jawo musu: wasu gasanni sun yarda, wasu sun ce duk abin da ba na LEGO ba ne kada ya shigo fili.

Sai boris. A Technic roba ce ke juyi cikin roba. Idan ƙura ta shiga tsakani, tana aiki kamar sanfefa, bayan 'yan fita sai a ga farin gari a bakin huda, sanda ta sirance. Wanda zai tuƙa irin wannan mota a ƙurar hunturu zai ga haka da wuri fiye da mai tuƙi a kan ciyawar Turai. Ɗan man silikon yana taimakawa, amma yana kuma kama ƙura, don haka wargazawa da wankewa bayan fita ba abin gudu ba ne.

Me ya sa kamfanin bai fitar da waɗannan duka ba? Kowane sabon kaya yana buƙatar sabon ma'ajin zubi mai tsada, kuma dole ya dace da akwatin da za a sayar wa jama'a da yawa, ciki har da yara. Inji mai ƙarfin karya giya, ko batir mai zuba wuta ba iyaka, ba abin da kamfanin kayan wasa zai so ya sa sunansa a kai ba ne. Akwatunan da suka fi fitowa a Technic a 'yan shekarun nan motocin ado ne masu lasisi irin su Bugatti, Lamborghini da Ferrari, waɗanda ake ajiyewa a kan kanta. Masu hawa dutse 'yan tsiraru ne, sukan jira ne wani kaya ya fito don wata manufa daban su karkatar da shi zuwa tasu. Kamfanonin Sin irin su CaDA da Mould King sun shiga wannan gibi da injuna masu ƙarfi da farashi mai sauƙi, wasu masu sayarwa ma na kawo gaɓar farfela ta ƙarfe. Ingancin kayan yana bambanta daga akwati zuwa akwati, kuma gaɓar ƙarfe ba ta kawar da karyewa, tana tura ta ne zuwa robar da ke biye da ita.

Wanda ke son gwadawa kafin ya kashe ko kwabo yana iya sauke Studio, manhajar kwamfuta ta kyauta daga BrickLink, kasuwar kayan LEGO ɗai-ɗai da kamfanin ya saya a 2019. A ciki ana haɗa mota sukutum a allo, a ga ko giyoyi sun haɗu, a fitar da jerin kayan da ake buƙata da adadinsu. A Rebrickable kuma akwai zane-zanen motocin da wasu suka haɗa, ciki har da waɗanda aka yi da kayan akwati guda kamar 42099 ko 42129 ba tare da ƙarin komai ba.