Wa Ya Ga Kisan Sarauniya Daenerys?

Ran Lahadi 19 ga watan Mayu, 2019, da ƙarfe 9 na dare agogon birnin New York, watau ƙarfe 2 na daren wayewar Litinin a nan Nijeriya, gidan telebijin na HBO da ke Amurka ya nuna kashi na 73, wanda shi ne na ƙarshe, na wasan kwaikwayon nan mai suna Game of Thrones. Mutum miliyan 19.3 ne suka kalle shi a Amurka a wannan dare kaɗai. Shekara 8 jama'a suna biye da wasan, tun daga watan Afrilu na 2011, suna ɗokin ganin wanda zai hau Karagar Ƙarfe. Da gari ya waye sai gunaguni ya tashi ta ko'ina, kowa da tambayar da ya kwana da ita.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Labarin almara ne na wata ƙasa da babu ita a duniya, ana ce mata Westeros, mai dauloli 7 a ƙarƙashin sarki ɗaya. Manyan gidajen sarauta, irin su Stark da Lannister da Baratheon, suna ta kashe juna a kan karaga, alhali kuwa can arewa, bayan wata ganuwa ta ƙanƙara, rundunar matattu tana shirin afka wa masu rai. Daenerys Targaryen, 'yar sarkin da aka hamɓarar, ta tashi a gudun hijira, sa'an nan ta komo da dodanni uku masu fukafukai da aman wuta, da mahayan Dothraki, da rundunar bayin da aka dandaƙe tun suna yara, waɗanda a ke kira Unsullied. A kashi na biyar na zangon ƙarshe ta hau dodon da ya rage mata, Drogon, ta ƙone babban birnin ƙasar da mutanen cikinsa bayan sun riga sun miƙa wuya. Daga nan ne kashin ƙarshe ya ɗauko.

Bari mu fara kawar da ƙananan abubuwa, don su ne aka fi yi wa dariya. An hango gorar ruwa ta roba a gindin ƙafar Samwell Tarly a tsakiyar taron sarakuna, mako biyu bayan an ga kofin gahawa na zamani a kan teburin liyafa a kashi na huɗu. Farin dokin da Arya Stark ta hau a ƙarshen kashi na biyar ya ɓace, sai ga ta tana tafe a ƙasa. Jon Snow ya baro Grey Worm, shugaban Unsullied, yana yanka fursunoni a kan titi, ya miƙe zuwa fada, da isarsa sai ga mutumin nan tsaye a saman matakala ya riga shi. Jaime da Cersei Lannister, waɗanda aka nuna mana gini ya rufta musu, ƙanensu Tyrion ya tarar da su ƙarƙashin 'yan tubala kaɗan, sauran ɗakin kuwa yana nan a tsaye, har mutum ya ce da sun matsa taku biyar da sun tsira. Su kuma mahayan Dothraki, da aka nuna wutar takubbansu tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya a yaƙin matattu, har ɗaya daga cikin marubutan wasan, David Benioff, ya bayyana wurin a matsayin ƙarshensu, sai ga su fili ya cika da su suna sukuwa. Duk waɗannan sakaci ne, amma ba su ne suka karya labarin ba. Gorar ruwa dai kwamfuta tana iya shafe ta.

Abin da ya ɗaukaka wannan wasa tun farko shi ne, a cikinsa kowane aiki yana da sakamako, komai girman mai aikin. A 2011 an fille kan Ned Stark, mutumin da kowa ya ɗauka shi ne tauraron wasan, saboda ya yi wa abokan gabansa adalcin da ba su cancanta ba. A 2013 an yanka ɗansa Robb da uwarsa da matarsa a wurin bikin aure, domin ya karya alkawarin auren da ya yi wa gidan Frey. Mai kallo ya yarda da dodo mai aman wuta, ya yarda da matattu masu tafiya, domin an gaya masa tun farko cewa haka duniyar ta ke. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne mutum ya sāke hali ba dalili, ko kuwa a yi laifi a rasa mai bin kadinsa. Da wannan ma'auni, wanda su masu wasan suka ɗora a hannunmu, za mu auna abin da ya faru a ɗakin karaga.

Jon Snow ya shiga wurin Daenerys shi kaɗai, ya rungume ta, ya soka mata wuƙa. Babu dogari, babu bafade, babu kowa. Drogon ya zo ya shinshina gawar uwargijiyarsa, ya narkar da karagar da wuta, ya ɗauki gawar da ƙafarsa, da wuƙar a jikinta, ya tashi sama ya ɓace. Waɗansu sun yi ta tambaya yaya dabba ta san karaga ce ta jawo wannan masifa. Ni wannan bai dame ni ba, dodon almara yana da iznin ya fi mu hankali, kuma wurin ya yi kyau ƙwarai. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya, watau duhu. Allo ya yi baƙi, da aka sāke buɗewa makonni sun wuce, gemun Tyrion ya yi tsawo, Jon kuwa an ce yana tsare.

To, jama'a, wa ya ga kisan? Babu gawa, babu makami, babu shaida. Mai yiwuwa ne Jon da bakinsa ya faɗa, don mun san shi da gaskiyar da ta kan kai shi ga halaka. Mu ce haka aka yi. Wa ya faɗa wa? Grey Worm, mutumin da 'yan sa'o'i kaɗan kafin nan ya ke yanka sojojin da suka durƙusa suka ajiye makamai, don kawai sun yi wa sarauniyarsa gāba, mutumin da aka fille kan masoyiyarsa Missandei a kan idonsa. Wannan mutum ne a ke so mu yarda ya ji an kashe sarauniyar da ta 'yanta shi daga bauta, sai ya yi haƙuri, ya nemo mabuɗin kurkuku, ya aika wa sarakunan ƙasa goron gayyata. Su kuma Dothraki, waɗanda a zango na shida Daenerys ta ɗaure su duka da rantsuwar jini, ko takobi ɗaya ba su zare ba. Daga baya ma an nuna waɗansunsu a bakin jirgin ruwa, Jon ya ratsa ta kusa da su, ba wanda ya ɗaga ido.

A nan ne babban ramin ya ke. Sa'ar da ta fi kowace nauyi a cikin shekara 8, sa'ar da rundunoni biyu suka wayi gari ba sarauniya, ga kuma sojojin Arewa a cikin birni ɗaya da su, ita ce aka ƙi nuna mana. Marubucin da ya zauna ya rubuta wannan sa'a bisa gaskiyar halin mutanensa, da wuya Jon Snow ya kai la'asar da rai. Tsallakewar ita ce ta cece shi.

Sai taron zaɓen sarki. An fito da Tyrion cikin sarƙa don a yanke masa hukunci, Grey Worm ya daka masa tsawa cewa ba magana aka kawo shi ya yi ba. Kafin a jima sai ga fursunan nan shi ne mai jawabi, shi ne mai shimfiɗa sabuwar ƙa'idar gadon sarauta, shi ne mai tsai da ɗan takara, mai tsaronsa yana tsaye yana saurare. Ya zaɓi Bran Stark bisa hujjar cewa babu wanda ya fi shi kyakkyawan labari. Abin dariya a nan shi ne, Bran ɗin nan ko sau ɗaya bai fito ba a zango na biyar gaba ɗayansa. Bugu da ƙari, a zango na bakwai shi da kansa ya gaya wa yayarsa Sansa cewa ba zai iya riƙe sarautar gidansu ba, ko wata sarauta ma, tun da ya zama mai gani har hanji. Wanda ya ƙi dagaci sai ga shi ya karɓi sarki, har yana nuna cewa dama abin da ya kawo shi ke nan. In kuwa ya san haka za a yi tun da wuri, ashe ya san za a ƙone birni ya yi shiru? Wannan tambaya mai nauyi ce, kuma ba wanda ya yi ta a wurin.

Wani abin da ba wanda ya ambata shi ne asalin Jon. Zango biyu aka ɓata ana warware mana cewa shi ba shege ba ne, ɗan halak ne na Rhaegar Targaryen da Lyanna Stark, sunansa na yanka Aegon, kuma ya fi Daenerys haƙƙin karaga. Varys, sarkin leƙen asiri, an ƙone shi a kashi na biyar bayan mun gan shi yana rubuta wasiƙu a kan wannan magana. Ina wasiƙun suka tafi? Mutum biyar a cikin taron sun san sirrin: Sansa da Arya da Bran da Samwell da Tyrion. Ana iya cewa wanda ya kashe sarauniya ba ya gadonta. Madalla, sai wani ya tashi ya faɗi haka, wani kuma ya tuna masa cewa Jaime Lannister ya kashe uban Daenerys yana kan karaga aka kuma yafe masa. A yi gardama, a kayar da maganar, amma a ji ta. Ga kuma Gendry, ɗan Sarki Robert Baratheon, wanda Daenerys ta halatta masa sunan ubansa a kashi na huɗu, yana zaune cikinsu kamar baƙo.

Da aka zo kan mubaya'a, Sansa ta ce Arewa ba za ta bi ba, ta ɓalle. Ƙanenta ya gyaɗa kai, shi ke nan, dauloli 7 suka koma 6. Yara Greyjoy tana zaune, ita da Daenerys ta yi wa alkawarin 'yancin tsibiranta tun a zango na shida, ita da gidansu ya yi tawaye har sau biyu a kan wannan bukata, ba ta ce uffan ba. Sabon yariman Dorne, wanda ko suna ba a ba shi ba, shi ma haka. Duk wanda ya taɓa ganin rabon gādo ya san ba a yi wa ɗa ɗaya kyauta a gaban 'yan'uwansa a tashi lafiya.

Majalisar sabon sarki ba sai mun daɗe a kanta ba. Tyrion ya koma Waziri, wai horo ke nan. Bronn, sojan haya da ya faɗa a zango na uku cewa bai taɓa cin bashi ba, bai ma san ƙa'idarsa ba, shi aka naɗa Ma'aji. Samwell, wanda ya gudu daga makaranta da littattafan sata bai sauke karatu ba, ya zama babban malamin fada.

Me ya jawo haka? Lissafi kaɗai ya isa ya ba da rabin amsa. Zango shida na farko kashi 10 ne kowannensu, na bakwai aka yi 7, na takwas aka yi 6. A kashin farko na wasan an ce tafiyar sarki daga babban birni zuwa Winterfell wata guda ce, a ƙarshe kuwa runduna ta kan ƙetare ƙasar tsakanin fitowa ɗaya da mai bi mata. Sa'an nan kuma George R. R. Martin, mai littattafan da aka ɗauko labarin daga ciki, ya fitar da na farko a 1996, na biyar a 2011, kuma har aka rufe wasan na shida bai fito ba. Saboda haka Benioff da abokin aikinsa D. B. Weiss sun san inda za su sauka, amma babu hanya a rubuce. Isaac Hempstead Wright, wanda ya fito a matsayin Bran, ya ce marubutan sun shaida masa cewa sarautar Bran daga wurin Martin ta fito. Ke nan ba lalle ne zaɓin ya zama kuskure ba. Sarkin da ba ya haihuwa, ba ya kwaɗayi, ya kuma san tarihin kowa, magana ce da za a iya ginawa har ta zauna, in an ba ta lokaci. Shi Martin ya faɗa a 2018 cewa wasan zai iya kai zango 11 ko 12 ko 13. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a wata takardar koke ta intanet suna neman a sāke zangon ƙarshe da waɗansu marubuta, HBO ba ta saurare su ba. A watan Satumba na shekarar kuma zangon nan da a ke kuka da shi ya ci lambobin Emmy 12, har da ta wasan kwaikwayo mafi kyau, wanda ya nuna cewa masu kaɗe-kaɗe da masu ɗaukar hoto da 'yan wasa sun yi nasu aikin.

Saura hukuncin Jon. An yanke masa komawa cikin masu tsaron ganuwa har ƙarshen ransa, don a kwantar wa Unsullied da hankali. Shi kansa sai da ya tambaya ko har yanzu akwai wannan ƙungiya, kuma tambayar tasa tana kan hanya. Sarkin matattu ya mutu a hannun Arya tun a kashi na uku, ganuwar ta fashe ta gabas tun ƙarshen zango na bakwai, mutanen dajin da a ke tsare ƙasa daga harinsu sun zama aminai. Ganuwar ma yanzu a cikin ƙasar Sansa ta ke, inda hukuncin Bran ba ya aiki. Su Unsullied ɗin da aka yi domin su, sun shiga jiragensu za su tsibirin Naath, Jon yana gani. 'Yan'uwansa biyu suna kan karaga, mai ƙara ya bar gari, amma ba wanda ya ce masa ya dawo gida. Ya isa ganuwa, ya shafa kan kyarkecinsa Ghost, ya hau doki ya fita ta ƙofar arewa tare da Tormund da mutanen daji, mata da yara suna biye. Ƙofa ta sauko a bayansa, ya waiwaya sau ɗaya ya dube ta. Ko rakiya ya yi musu zai komo, ko kuwa gudu ne daga hukuncin da aka yanke masa, ba a gaya mana ba, sai sunayen 'yan wasa suka fara hawa allo.