Ɗan Ƙarshen Sahu a Ƙwallon Amurka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a wannan 'yar maƙala ina so in yi bayani a kan wani ɗan wasa guda a ƙwallon Amurka. Wannan ƙwallo ba irin tamu ba ce. Siffarta kamar ƙwai, kuma yawanci da hannu ake wasanta. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu kai hari ana ba su dama 4 su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya sami maki 6.

Hanyar ci gaba biyu ce: ko a rungumi ƙwallo a ruga, ko madugun 'yan wasa ya jefa wa wani ya cafe. A gaban madugu akwai ƙarti 5 a jere, aikinsu tare abokan hamayya, kuma doka ta hana su cafe jifa. Daga can gefen fili akwai sirara masu gudu, su ne macafa. To, wanda nake nufi shi ne mai tsayawa a ƙarshen sahun ƙartin nan, kafaɗa da kafaɗa da su. Amurkawa na ce masa "tayit en", watau na ƙarshe wanda ya matso.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma shi wannan dole ya tauna. In za a ruga, shi zai bangaje ƙato ya buɗe hanya. In za a yi jifa, sai ya sulale ya cafe, domin doka ta yarda wa na ƙarshen sahu. Saboda haka ake neman dogo, mai nauyin kilo 110 ko fiye, mai sauri kuma.

A ganina babban amfaninsa shi ne rikita masu tsaro. Da sun ga wanda ya shigo fili sukan gane nufin masu hari, amma shi ba ya tona asirin kowa. In suka haɗa shi da ƙato, ya tsere masa. In suka haɗa shi da siriri mai gudu, ya fi shi tsawo da ƙarfi. Wani lokaci ma yakan yi kamar zai tare, sai an saki jiki ya zame. Shi ya sa madugu ke nemansa in an matso ƙarshen fili, inda wuri ya ƙure.

Da can tarewa ce yawancin aikinsa. Mike Ditka na ƙungiyar Chicago Bears ya sauya wannan a 1961, shekararsa ta fari, da ya cafe jifa 56 ya ci yadi 1,076. Daga baya mai horarwa Don Coryell na San Diego Chargers ya riƙa ɗauke Kellen Winslow daga sahu yana tsayar da shi wurare dabam dabam, har ya cafe 89 a 1980. A 2020 kuwa Travis Kelce na Kansas City Chiefs ya ci yadi 1,416.

Sai dai akwai cikas. Wanda ya iya cafewa kaɗai, da ya shigo an san jifa za a yi. Wanda ya iya tarewa kaɗai, an san gudu ne. Ke nan darajarsa tana ga haɗa biyun.

Ina fatan 'yan'uwana za su lura da wannan. Ɗalibin da ya haɗa karatu da sana'ar hannu ba ya rasa wurin tsayawa a sahu. Allah Ya ba mu sa'a, amin.