Kwamfutar Da Hanjinta Ke Bayan Allo

Kowa a cikinmu ya san kwamfutar tebur irin ta ofis. Ga akwati a ƙarƙashin tebur, ga allo a bisa, ga lasifika a gefe, wayoyi kuwa sun sarƙe a baya kamar yaɗon kabewa. To, akwai wata iri wadda aka kawar mata da akwatin ɗungum. Maƙera suka kwashe hanjin, watau ƙwaƙwalwar da ke lissafi da ma'ajin da ke riƙe aiki, suka shimfiɗa su a bayan allo, suka haɗa da lasifika da kyamara da makirfo. Waya ɗaya tak za ka soka a bango. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu za su fita su riƙa shirya darasi da hoto da murya da majigi, ya kamata mu san halin wannan na'ura tun kyanta bai ruɗe mu ba.

Kamfanin Apple na Amurka shi ya fi yin suna a wannan sana'a. A 1998 ya fito da iMac ta fari a kan dala 1,299, mai ƙaton ƙeya irin ta tsohon talabijin. Sai a 2004 aka mai da hanjin bayan allo mai faifai. Amma wadda ta sa masu aikin hoto suka miƙe tsaye ita ce ta 2014, mai allo inci 27.

Bari mu ɗan tsaya a nan. Duk hoton da ka gani a allo, ɗigo-ɗigo ne ƙanana aka jera. Wannan allo yana da ɗigo 5,120 a kwance, 2,880 a tsaye. Ɗaliban lissafi su buga su gani, ɗigo 14,745,600 ke nan. Majigin da a ke kira 4K kuwa ɗigonsa 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye. Ashe mai gyaran majigi zai ga hotonsa cif, ba a rage ko ɗigo ɗaya ba, kuma ga sauran fili a gefe inda zai jera kayan yanka da haɗi. Wannan ba ado ba ne, amfani ne sosai. Kamfanin Microsoft ma ya shigo a 2016 da Surface Studio mai inci 28. Ita hanjinta a gindi ya ke, allon kuwa a kan kwantar da shi kamar teburin zane, a yi ta zane a kai da alƙalami.

Sai dai fa akwai wani aibi wanda mai talla ba ya faɗi. Allo da ƙwaƙwalwa ba tare su ke tsufa ba. Allo mai kyau ya kan daɗe ƙwarai yana aiki, amma ƙwaƙwalwa tana gajiya da wuri, gama kullum sababbin manhajoji ƙara nauyi su ke yi. In akwati dabam ne, sai ka sake akwati ka riƙe allonka. In kuwa a ɗinke su ke, ran da ɗaya ta gaza, ta ja ɗayan sun tafi tare. Waɗansu iMac na 2009 zuwa tsakiyar 2014 a kan iya jona musu wata kwamfuta su zama allo kawai, amma mai ɗigo 5,120 ɗin nan ba ta yarda da haka ba. Ta 2021 mai inci 24, wadda kaurinta milimita 11.5 ne kacal, ba a iya ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki bayan saye. Abin da ka zaɓa ran ciniki, shi za ka zauna da shi.

Ga alama maƙeran da kansu sun gane. Apple ya daina iMac Pro, mai dala 4,999, a 2021, ya daina mai inci 27 a 2022, ya kawo ƙaramin akwati Mac Studio da allo dabam a madadinsu. Microsoft ya daina ƙera tasa a 2024.

A ƙasarmu kuma da ƙarin abin lura. Siririn jiki ba ya barin iska ta zaga sosai, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, buɗe ta kuwa sai gwani, don allon waɗansu da gam a ke manne shi. Har ila yau ba ta da batir. In wuta ta ɗauke, aikin da ba a adana ba ya tafi, sai in an tanadi na'urar riƙe wuta.

A ganina, ga ɗakin karatu ko ofishin da wuri ya yi ƙaranci, ta dace ƙwarai, wayoyin da ɗalibai za su tuntuɓe ma sun ragu. Amma sashen da zai yi shekaru yana gyaran majigi da kuɗin makaranta, gara ya sayi allo mai kyau dabam, akwati dabam.