Itatuwan da 'Yan Katako Suka Fi So

Duk wanda ya shiga kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa a Kano, tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce: "Alhaji, wane aiki za a yi da shi?" Sai an amsa wannan ake zuwa kan maganar awo, ko tu-bai-tu, ko tu-bai-fo, ko faffaɗan falanki mai tsawon ƙafa 12. Masu sana'ar sun raba hajarsu gida biyu. Jan katako yana da nauyi da ƙarko da tsada. Farin kuwa sakayau yake, ƙusa na shigarsa ba gardama, kuɗinsa da sauƙi, sai dai gara ba ta raga masa.

Sarkin jan katako shi ne loko, wanda mutanen Kudu ke kira iroko. Idan aka yanko shi sabo, launinsa ruwan ɗorawa ne, amma da ya sha iska da rana sai ya rine ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu. Gara ba ta cika kusantarsa ba, damshi ba ya saurin ruɓar da shi, shi ya sa ake yin ƙofofi da tagogi da kwale-kwale da shi. Masu injin yanka suna son kuɗinsa, amma suna shan wahalarsa. Wani gungumen yakan ɓoye dunƙulen ma'adinin alli a cikinsa, mai tauri kamar dutse, wanda da zarar zarto ya ci karo da shi haƙoran sun dakushe. Garin da ke tashi wajen yanka shi ma yana sa ƙaiƙayi da tari.

Maɗaci na biye da shi. Bahaushe ya fi saninsa da ɗacin ɓawonsa da ake jiƙawa a sha, kafinta kuwa ya san shi da jan jiki mai sheƙi idan an goge. Wani ɗan'uwansa na kurmi ya yi suna har Turawa suka laƙaba masa sunan garin Sapele na Jihar Delta, inda kamfanin UAC ya kafa katafariyar masana'antar katako a zamanin mulkin mallaka.

A ɓangaren fari akwai obeche da afara. Mita ɗaya ta kowace fuska ta busasshen obeche ba ta cika kai kilo 400 ba, alhali ta loko na haura 600. Wannan rashin nauyi ne ya sa magina ke ɗaukarsa wajen haɗa allunan zuba kankare. Aibinsa shi ne rashin juriya: gungumen da aka bari kwance a daji sai ya fara shuɗi-shuɗi, ƙwari su huhhuda shi.

Amma itacen da ya cika shaguna yau baƙo ne. Malaina daga Indiya da maƙwabtanta aka kawo ta, aka dasa dubban kadada a gandun dajin Omo na Jihar Ogun da na Oluwa a Ondo, da niyyar ciyar da masana'antar takarda ta Iwopin. Masana'antar ba ta yi aikin da aka sa rai ba, itatuwan suka ƙare a bakin zarto. Cikin shekara 10 zuwa 15 malaina ta isa yanka, kuma kututturenta yana sake tofo. Loko kuwa sai ya kwashe gomman shekaru. Kafintoci na ƙorafin cewa ana kawo musu ita ɗanya sharaf, a yi ƙofa da damina, hunturu na kamawa ta motse ta bar kafa. Wannan laifin gaggawa ne, domin malaina tana da jinkirin bushewa, tana buƙatar a jera falankanta a inuwa, a sa tsinke tsakaninsu iska ta ratsa.

Abin da ya sami maɗobiya shi ne ya fi tayar da hankali. Itace ne na dajin Arewa, mai jan ciki, wanda masu yin kujerun alfarma a Sin suka yi wa caa. A Taraba ana kiransa Madrid. Cikin 'yan shekaru tireloli suka yi ta kwasar gungumensa daga Taraba da Adamawa da Kogi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, ba tare da an ko tsaga shi a gida ba, balle matasan yankin su sami aikin sarrafawa. A 2016 aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da sayensa daga Najeriya. Kafin nan an riga an yi wa dazuzzuka da yawa ƙarƙaf. Makiyaya na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ganyen maɗobiya suke sassabo wa shanunsu.