Kafin a Komo da Gauraka, Sai a Shirya Masa Masauki

Yau idan mutum ya tara yaran Ƙofar Ran a birnin Bauci ya tambaye su kamannin gauraka, da wuya a sami wanda ya taɓa ganinsa a fadama. Alhali kuwa shi ake ɗauka tsuntsun ƙasar Nijeriya, kuma a farkon shekarun 1970 dubbansa ne ke kiwo a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi. Fari da madatsun ruwa sun busar da fadamu, masu kamu kuma suka yi ta kai shi gidajen manya don ado. Har taron duniya aka yi a Kano a 1992 saboda shi.

To, yaya ake komo da tsuntsun da ya ɓace? Mutanen Amurka sun gwada da wani farin gauraka nasu. A 2001 suka reni 'ya'yansa a Jihar Wiskonsin, suka koya musu bin ƙaramin jirgin sama, ya ja su tafiyar mil 1,200 zuwa Fulorida, inda za su ci sanyi. Can aka shirya musu shinge a cikin fadama, da wayar lantarki don korar namun daji, aka bar samansa a buɗe domin su fita kiwo su komo kwana. Masu ba su abinci kuwa sai sun lulluɓe jiki da farin tufa, ba sa magana, don kada tsuntsayen su saba da mutum. Duk da haka kyanwar daji ta kashe 2 cikin 7. Sauran 5 suka koma arewa da kansu.

Amma fa shinge kan zama tarko. A Fabrairun 2007 hadari ya ritsa da su a wani shinge mai rufin raga, 17 cikin 18 suka mutu.

Bauci ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki, gama a 2006 ta kawo raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya zuwa gandun Sumu. Sai dai gauraka fiffike gare shi. In hunturu ya kama, fadamu suka janye, ruwa zai bi. Saboda haka duk mai niyyar komo da shi, ya fara samar da fadamar da ba ta ƙafewa, da yardar manoma da makiyayan wurin. In babu waɗannan, waya kaɗai ba za ta riƙe shi ba.